Wata uku ina shiga akwatin haske saboda soriyasis

Shekara shida wannan abu yana cin gwiwoyina da gadon bayana. Wani ya ce kyasbi ne, wani ya ce makero, gwaggona kuwa ta rantse sammu ne. Da hunturu ya kama, ɓawon fata ya dinga zuba a shimfiɗa kamar garin rogo. Likitan fata ne ya faɗa min sunansa, soriyasis, ya ce ba a ɗaukarsa daga wani. Tun da man shafawa ya gaza, muka koma haske.

Akwati ne da mutum ke shiga a tsaye, dogayen fitilu sun kewaye shi. Ka sa tabarau, ka rufe al'aura. Ranar farko ko minti ɗaya ban cika ba aka ce in fito, har na ji haushin kuɗin motata. Sau uku a mako, ana ƙara daƙiƙoƙi kaɗan-kaɗan.

Na ce masa, likita, duk ranar da ke garin nan ba ta isa ba? Ya yi dariya. Ya ce, Malam, rana ba ta da ma'auni, wannan kuwa zaɓaɓɓen hasken UVB ne, irin ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, mai nanomita 311 a ma'aunin tsawon zangon haske. Ya ce garkuwar jikina ce ta rikice: ƙwayoyin T, wato wasu fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, sun taru a fata, sinadaran kumburi irin su IL-17, IL-23 da TNF sun yi yawa, suna ingiza fata ta sabunta cikin 'yan kwanaki maimakon kusan wata guda. Hasken yana rage waɗannan ƙwayoyi, sinadaran su lafa. Na gaskata shi, don ƙaiƙayin ya sauka tun a mako na uku, alhali ido bai ga canji ba tukuna. Wajen zuwa na ashirin ɓawon ya daina zuba.

Amma na yi duhu sosai, fata ta bushe, man kaɗanya ya zama abokin kwana. Sau ɗaya na yi fashin mako guda, ma'aikacin bai rage min lokaci ba, na kwana biyu bayana na raɗaɗi kamar an watsa barkono. Tabon da ya bari baƙi ne, har yau bai gama bajewa ba.

Na gamsu, kuma zan sake in cutar ta kama. Da alama za ta kama ɗin, don wata biyu da gamawa wani ɗan ɓawo ya leƙo a gwiwar hannuna ta hagu.