Zango guda da takardun wasan lissafi: abin da na gani a ajina

Wata abokiyar aikina ce ta nuna mini kundin a intanet, na sauke na buga. Takardun aiki ne da katunan wasa na lissafi, an kasa su bisa yanayin shekara: hunturu, bazara, damina da kaka. Abu biyu suka sa gaba, cikakkun lambobi har da na ƙasa da sifili, sai lissafin kaso irin su rabi da sulusi da rubu'i. Duk malamin da ya taɓa koyar da waɗannan biyun ya san nan ne yara suke fara cewa lissafi ba nasu ba ne.

Sashen hunturu shi ya fi komai burge ni. An zana ma'aunin zafi a tsaye, sifili a tsakiya, inda ruwa yake daskarewa. Sai a ce da safe yana kan -3, da rana ya hau da digiri 8, ina ya tsaya? Yaro ya ɗora yatsa ya ƙirga, ya iske 5. Na daɗe ina fama da masu cewa -7 ta fi -2 girma saboda bakwai ta fi biyu. A kan layin lambobi na kwance sai in yi ta bayani ba sa ji, amma da aka miƙar da layin tsaye, suka ga -7 tana can ƙasa inda sanyi ya fi tsanani, gardama ta ƙare. Tun daga ranar na koma zana layina a tsaye a kan allo.

Sai dai ma'aunin yana da iyaka. Da muka zo kan 5 - (-3), ba shi da abin cewa, kundin ma sai ya kawo doka kawai a haddace. Nan na koma ga bashi: in ana bin ka uku aka yafe maka, ai ka ƙaru da uku. Ba dabarata ba ce, Brahmagupta, masanin lissafin nan na Indiya, da dukiya da bashi ya bayyana dokokin waɗannan lambobi tun a shekarar 628. Na yi mamakin yadda masu kundin suka tsallake wannan misali.

A sashen damina aka zuba lissafin kaso. Akwai hoton kwalbar auna ruwan sama, jiya ta kama 1/2, yau an ƙara 1/3. Kusan rabin ajin suka rubuta 2/5, wato sun tara na sama sun tara na ƙasa. Abin da ya cece mu shi ne 'yan dogayen takardun da ake yankewa a naɗe. Kowa ya naɗe tasa gida shida, ya ga rabi gida uku ne, sulusi gida biyu, jimla 5/6. Wani yaro da kansa ya lura cewa 2/5 ko rabi ba ta kai ba, to yaya za a ƙara ruwa a kan rabi ya ragu? Wannan tambayar ta fi mini shafi goma na aiki. Da irin naɗin ne kuma suka yarda 1/8 ba ta kai 1/4 ba.

Sashen bazara da na kaka maimaici ne, an dai canja hotuna.

Inda nake da ƙorafi sosai shi ne shafukan shafa launi, waɗanda kowace amsa take da nata launin har hoto ya fito. Yara suna son su ƙwarai, aji ya yi tsit. Amma da na zagaya sai na ga wayon: da zarar siffar ganye ko gajimare ta fara bayyana, sai su bar lissafin su ci gaba da shafawa da ka. Hoto ya yi kyau, kai babu komai. Dole na kafa sharaɗi, ba mai taɓa fensir mai launi sai ya nuna mini aikinsa a bayan takarda. Ga cin tawada wajen bugawa, ga yankan katuna da ya cinye mini yamma guda.

Takardar amsoshin ma ba a tace ta da kyau ba. A wani wuri an rubuta -4 - (-9) = -13, alhali 5 ce. Wata yarinya ce ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ko dai littafin ne ya yi kuskure?" Na duba, ita ce da gaskiya. Yanzu sai na warware kowane shafi da kaina kafin in raba.

Zan sake amfani da shi zango mai zuwa, amma don bita bayan na koyar da darasin da kaina, kamar minti goma sha biyar a ƙarshen darasi. Ma'aunin zafi da takardun naɗi na manna su a kwali don su daɗe. Shafukan launi kuwa, biyu kawai na ware, sauran suna cikin durowa.