Wi-Fi na yankewa tun da ka hau Windows 11: me za ka saya, me za ka bari?

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 mutane suka yi ta rububin hawa Windows 11, kuma kukan da na fi ji bayan nan shi ne na Wi-Fi, wai kana cikin aiki sai intanet ya ɗauke, bayan minti biyu ya dawo, ko ka rufe laftof ka buɗe ka tarar alamar Wi-Fi ɗin ma ta ɓace gaba ɗaya. Sai ka ga mutum ya fusata ya nufi kasuwa zai sayo sabuwar rawuta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi. Malam dakata tukuna, kuɗi ba a ƙasa ake tsinta ba.

Ɗauki wayarka ka haɗa ta da wannan Wi-Fi ɗin ka zauna kusa da kwamfutar. In ita ma wayar tana yankewa lokaci ɗaya da laftof to Windows ba shi da laifi, ko dai sabis ne, ko MiFi ɗinka ta yi zafi, ko wuta ce ke ƙiftawa rawuta na sake tashi. In kuwa waya garau take laftof kaɗai ke wahala, to yawanci direban katin Wi-Fi ne, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ya gane katin. Lokacin hawa sabon Windows yakan sauya ta da tasa, ita kuma wani lokacin ba sa jituwa da katin.

Akwai gyaran da ko sisi ba za ka kashe ba. Buɗe Device Manager, shiga Network adapters, danna sunan katin sau biyu, a Power Management cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe katin don tattalin batir. Wannan kaɗai kan isa ga wasu masu matsalar ɗaukewa bayan laftof ta farka daga barci. In bai yi ba gwada Roll Back Driver, ko ka sauke direban daga shafin kamfanin laftof ɗin da lambar samfurinta. Kuma in bai kai kwana 10 da hawanka ba kana iya komawa tsohon Windows ta Recovery a Settings, bayan kwana 10 ƙofar ta rufe. Sai duk wannan ya gaza sannan a yi maganar saye.

Abin da mai shago zai fara miƙo maka shi ne ɗan dongul na USB mai kama Wi-Fi, ɗan mitsitsin nan kamar farce, irin TP-Link TL-WN725N. Shi ne mafi araha kuma yana aiki, amma 2.4 GHz kawai yake kamawa, gudunsa a rubuce 150 Mbps, a zahiri ƙasa da haka sosai, eriyarsa kuma 'yar ƙarama ce a cikin jikinsa. In rawuta na ɗaki ɗaya da kai ba komai. In akwai bangon bulo biyu tsakaninku, ko kana hostel inda kowa ya kunna hotspot, za ka sake komawa gidan jiya. Ga wani abu da mutane ba su cika sani ba, ramin USB 3.0, mai shuɗin cikin nan, yana fitar da hayaniyar da ke dagula 2.4 GHz, don haka in ka soka dongul kusa da hard disk ɗin waje da ke wannan ramin sai sigina ya lalace ka zaci dongul ɗin ne jabu. Mayar da shi ɗaya gefen.

Ni dai in za a bi ta tawa, a ƙara kuɗi a ɗauki mai zango biyu, wanda ke kama 2.4 da 5 GHz, irin Archer T2U Plus mai doguwar eriya ko Archer T3U. Zangon 5 GHz ba ya cunkoso kamar ɗayan, sai dai ba ya ratsa bango da nisa, shi ya sa eriyar ke da amfani. Amma fa duba rawutarka tukuna, MiFi da yawa 2.4 kawai suke bayarwa, in haka ne ka sayi abin da ba za ka mora rabinsa ba. Mai eriya illarsa ɗaya ce, tsayinsa, ka manta shi a jiki ka cusa laftof a jaka sai ya karye, wani lokacin har ya tafi da ramin USB ɗin. Kuma ka tabbata an rubuta Windows 11 a kwalin, sannan a gwada maka shi a shagon a kan kwamfutarka, ko a Beirut Road ne a Kano ko Banex a Abuja, ka tsaya ka ga ya haɗu. Bayan ka saka shi ka kashe tsohon katin a Device Manager don kar su riƙa karo.

Sai canza katin ciki, wanda shi ne gyara na gaskiya in laftof ɗin ta yarda, domin eriyar laftof a bayan allo take, ta fi ta kowane ƙaramin dongul, ga Bluetooth a haɗe, ba kuma abin da ke leƙowa waje. Intel AX200 na Wi-Fi 6 ne, AX210 na 6E, dukansu ramin M.2 suke shiga, kuma Intel na ci gaba da fitar musu direba. A nan ne ake tafka kuskure. AX201 kamanninsa ɗaya da AX200 amma sai da wasu firosesa na Intel yake aiki, in ka saka shi a wadda ba tasa ba ko motsi ba zai yi ba. Tsofaffin tokunbo irin EliteBook 8470p ko ThinkPad T430 kuma ramin mini PCIe gare su, M.2 ba zai shiga ba, kuma tsofaffin ThinkPad na ƙin katin da ba ya cikin jerin da BIOS ɗinsu (manhajar da ke tada kwamfuta) ya amince da shi, sai ka kunna ka ga lambar 1802 ta tsaya maka a allo. Irin waɗannan dama Windows 11 bai san da zamansu ba, shi daga firosesan Intel ƙarni na 8 da TPM 2.0 (ɗan guntun tsaro) ya fara, dole aka yi masa aka cusa shi, to kar ka yi mamaki in direban katinsu ya tsufa. Ga su dongul ya fi sauƙi. Wasu sababbin siraran laftof kuma an liƙe katin da dalma, ba ya cirowa. Wayoyin eriya biyu da ke haɗe da katin siriri ne ƙwarai, in hannunka na rawa ka kai wa mai gyara.

Mai kwamfutar tebur ko mai shagon rijistar JAMB da cike fom, ku manta da duk wannan ku ja kebul. Kebul ɗin intanet irin Cat5e na ɗaukar gudun gigabit har mita 100 kuma babu ruwansa da bango. In laftof ba ta da ramin kebul akwai adafta ta USB, a duba dai ko ta 100 Mbps ce ko gigabit. Haɗa waya da kebul ɗin caji ka kunna USB tethering ma na fitar da kai kunya na kwana biyu, amma ka kunna Metered connection, saitin da ke sa Windows tattalin data, in ba haka ba Windows zai ɗauka intanet ɗin banza ya samu ya shanye maka data da afdet.

Sabuwar rawuta ita ce ƙarshen layi, sai in gwajin wayar nan ya nuna ita ce mai laifi. Ko a nan ma shiga saitinta ka duba tsaro, in tana kan haɗin tsarin kulle Wi-Fi na WPA2 da WPA3 mayar da ita WPA2 zalla ka gani, don tsofaffin kati da yawa ba su san WPA3 ba, kuma a 2.4 GHz gwada tasha (channel) ta 1 ko 6 ko 11 ka bar ta a wadda ta fi zama lafiya.