Sharhi a kan littafin tarihin Bishop Thietmar na Merseburg

Na kwashe kusan wata biyu ina karanta fassarar Turanci ta littafin tarihin da Thietmar, bishop na garin Merseburg a ƙasar Jamus, ya rubuta da harshen Latin tsakanin shekarar 1012 da rasuwarsa a 1018. Na saye shi ne domin in san labarin sarakunan Saksoni, tun daga Henry na Ɗaya har zuwa Henry na Biyu, amma halin marubucin ne ya riƙe ni har ƙarshen juzu'i na takwas.

Ban taɓa cin karo da malamin addini mai tona asirin kansa kamar wannan ba. Ya ce shi gajere ne, ƙurji ya ɓata masa muƙamuƙin hagu, hancinsa kuma ya karye tun yana yaro har ya zama abin dariya. Ya kuma amsa da bakinsa cewa sai da ya biya baffansa kafin ya sami shugabancin cocin Walbeck a 1002, laifin da ya ci gaba da nadama a kansa. Wannan ne ya sa na yarda da shi ko a wuraren da yake ba da labarin mafarkai da matattun da ake gani suna ibada a coci da dare, domin a fili yake cewa ya gaskata abin da yake faɗa.

Sai dai yana da son kai, kuma ba ya ɓoye shi. An rushe kujerar bishop ta Merseburg a 981, ba a maido da ita ba sai 1004, kuma bai taɓa yafe wa Giselher ba, bishop ɗin da ya bar ta ya zama babban bishop na Magdeburg. Haka nan da wuya ya ambaci Boleslaw, mai mulkin Poland, ba tare da ya jefe shi da yaudara ba, ko da yake ran Thietmar bai kwanta da ƙawancen da Henry na Biyu ya ƙulla da arnan Liutizi, wasu ƙabilun Slav, domin yaƙar wannan Kirista ba. Bayanin da ya yi na ɗakin gumakansu a garin Riedegost shi ne wurin da na fi maimaitawa.

Karatun ba shi da sauƙi, domin yakan bar zancen yaƙi a tsakiya ya shiga ta'aziyyar wani ɗan'uwansa, sunayen kuma suna yawan maimaituwa. Sai da na zana salsalar gidan sarautar a takarda na ajiye a gefe kafin na daina rikita sarakuna uku masu suna Otto da ke cikin littafin.