Na'urar horar da ƙwaƙwalwa ga mai juna biyu: wacce ta cancanci kuɗinki?

Mace mai ciki da rashin barci, fargaba ko ciwon ɓarin kai suka addabe ta, kuma tana tsoron shan magani saboda ɗan da ke cikinta, tana iya cin karo da masu tallan na'urorin ƙwaƙwalwa a intanet. Kafin ki tura kuɗi, ki fara tambayar mai sayarwa abu ɗaya: na'urar nan sauraren ƙwaƙwalwa take yi, ko lantarki take tura mata?

Wannan tambayar ce ke raba na'urorin kashi biyu. Masu tura lantarki, irin su Alpha-Stim da Flow, ba a tabbatar da amincinsu ga mai ciki ba, don haka ki bar su sai likita ya ce. Masu sauraro kuwa karanta motsin ƙwaƙwalwa kawai suke yi ta fatar kai, ba sa shigar da komai cikin jiki.

A cikin masu sauraron, wadda ta fi yaɗuwa ita ce Muse, ta kamfanin InteraXon na Kanada, wadda ta fito kasuwa a 2014. Ana ɗaura ta a goshi, ta zagaya bayan kunnuwa, a haɗa ta da waya. Idan hankalinki ya kwanta sai ki ji kukan tsuntsaye, idan tunani ya ɗauke ki sai ƙarar iska da ruwan sama su taso. Tana taimakawa wajen koyon nutsuwa, amma ba magani ba ce, kuma gashi ko motsin muƙamuƙi kan rikita karatunta. Horon asibiti ya fi ta zurfi, domin ana sa hula mai wuraren awo 19 a auna kai gaba ɗaya, sannan a yi zama 20 zuwa 40. Sai dai tsada, ga zirga-zirga da tsohon ciki. Idan za ki bi wannan hanyar, ki nemi ganin takardar shaidar mai horarwar daga BCIA, ƙungiyar da ke tantance masu ba da irin wannan horo.

Ni a ganina, na'urar bugun zuciya da numfashi irin Inner Balance ta HeartMath, wadda ake maƙalawa a kunne, ta fi dacewa da yawancin mata. Tana koya miki jan numfashi a hankali, kamar sau shida a minti, kuma da zarar kin iya, ko ba na'ura za ki ci gaba. Binciken horon ƙwaƙwalwa a kan masu ciki har yanzu ƙalilan ne.

Duk wadda kika zaɓa, ki kai maganar wurin awo tukuna. Ciwon kai mai tsanani bayan mako 20, da gani dishi-dishi, kumburin fuska, ko jini ya kai 140/90, alamun jijjiga ne, kuma asibiti ake zuwa a ranar.