Gidan Bunraku na Osaka: nemi kujera kusa da mai rera labari

Gidan wasan Bunraku (wasan 'yan tsana na gargajiyar Japan) na ƙasa da ke unguwar Nippombashi a birnin Osaka, wanda aka buɗe a 1984, ya ci kuɗinsa, amma fa sai ka iya zaɓen kujera. Yawancin baƙi tsakiya suke rububi don su ga 'yan tsana. Daɗin kuwa yana hannun dama, gindin ɗan dandamalin da ake kira yuka, inda tayu, mai rera labari, yake durƙushe da makaɗin shamisen mai tsirkiya uku a gefensa. Babu lasifika. Tayu shi kaɗai ne uwa, shi ne ɗa, shi ne mugu, kuma daga nan har zufar da ke tsiyaya a wuyansa za ka gani. Kafin ya buɗe baki sai ya ɗaga littafinsa zuwa goshi don girmamawa.

Nasa littafin rubutun hannu ne. Na jama'a kuwa, a zamanin Edo (ƙarni na 17 zuwa na 19), bugun katako ne da ake kira maruhon: a sassaƙa rubutu a allo, a shafa tawada, a murza takarda a kai, galibi layi bakwai a shafi. Ta haka waƙen ya shiga gidajen masu koyo.

Kowace babbar 'yar tsana mutum uku ke juya ta, tsarin da ya samo asali a 1734. Babba na riƙe da kai da hannun dama, yana tsaye kan dogayen takalman katako, na biyu hannun hagu, na uku ƙafafu. Masu sana'ar kan ce shekara goma a ƙafa, goma a hannun hagu. Ka zuba wa mai ƙafa ido idan 'yar tsana mace ta fito: yawancinsu ba su da ƙafa, da dunƙulen hannu yake motsa gefen rigar kimono har ka rantse taku take yi.

Cikas ɗin shi ne harshe. Tsohon Japananci ne, rubutun da ake haskawa saman dandamali ma Japananci ne, na layin gaba kuma sai wuyansa ya ƙage. Yi hayar na'urar bayani da Turanci, ka rage mata sauti don kada ta danne muryar tayu. Cikakken shiri na cin awanni, saboda haka sabon shiga ya fara da tikitin makumi, wato na kallon kashi ɗaya kawai. Ba kullum ake wasa ba. Duba jadawalin Janairu, Afrilu ko Nuwamba kafin ka yanki tikitin jirgi.