Kamfanonin AMC a Amurka: Kariyar da Suke Ba Mai Ƙimanta Gida da Inda Ta Tsaya

Aikin kamfanonin da ake kira AMC a Amurka shi ne tsayawa tsakanin bankin da ke ba da bashin sayen gida da wanda zai ƙimanta darajar gidan. Banki ya tura musu aiki, su zaɓi mai ƙimantawa daga cikin waɗanda suka yi rajista da su, su duba rahotonsa, su miƙa wa banki. Manufar ita ce a toshe wa jami'in bashi, wanda kamashonsa ya rataya a kan kammala ciniki, hanyar ɗaga waya ya ce, "Dala 300,000 muke so, za ta fito?"

A da hakan ruwan dare ne. Tsakanin 2000 da 2007 masu ƙimantawa 11,000 suka sa hannu a takardar koke cewa ana matsa musu su kumbura farashi, wanda ya ƙi kuma a yanke masa aiki. Bayan rushewar kasuwar gidaje, ƙa'idar HVCC, wadda ta hana masu ba da bashi tsoma baki a aikin ƙima, ta fara aiki a watan Mayun 2009, dokar gyaran harkar kuɗi ta Dodd-Frank ta biyo baya a 2010, bankuna suka koma ga waɗannan kamfanoni.

Sun cancanci yabo a abu guda: kusan duk wata magana yanzu a rubuce take, ta shafin kamfanin. Mai son matsa lamba ba ya son barin sawu.

Sai dai banki ne ke ba AMC aiki, kuma ba a rasa gane wanda dillali zai karkata gare shi. A 2007 babban lauyan jihar New York, Andrew Cuomo, ya maka eAppraiseIT a kotu bisa zargin ya bar bankin Washington Mutual yana zaɓar masu ƙimantawar da ke kawo lambar da yake so. eAppraiseIT ɗin kansa AMC ne. Ga kuma kuɗin aiki: kamfanin na cire kasonsa daga abin da mai sayen gida ya biya, yakan kuma fifita wanda ya fi araha da sauri, ko da bai san unguwar ba. Doka ta ce a biya ladan da aka saba biya a yankin, amma ƙorafi bai ƙare ba.

Matsin bai mutu ba, salo ya sauya. Yana zuwa ne da sunan "a sake duba ƙima". Abu uku doka ta yarda banki ya nema: a duba ƙarin bayani kamar wasu gidajen da aka sayar, a yi ƙarin bayanin yadda aka kai ga ƙimar, a gyara kuskure. Ba ta yarda a faɗi lambar da ake so ba, ko a riƙe lada, ko a yi barazanar hana aiki. A 2010 dokar ta sa tarar farko ta kai har dala 10,000 a kowace rana.

Saboda haka idan an turo wa mai ƙimantawa gidajen kwatance, wato gidajen da aka sayar da ake so ya gwada farashi da su, a amsa kowanne a rubuce: wannan ya fi girma nesa ba kusa ba, wancan yana wata unguwa, ɗayan kuma mai sayarwa ya biya wa mai saye wasu kuɗaɗe, abin da ya sa farashinsa ya yi sama. Idan akwai wanda ya dace, a sa shi, ƙima ta motsa in hujja ta motsa ta. Wanda ya kira ta waya, a bi shi da imel ana maimaita abin da ya faɗa. Kada a karɓi aikin da aka gindaya wa sharaɗin kai wata lamba, domin ƙa'idojin USPAP, wato ƙa'idojin sana'ar ƙimantawa a Amurka, sun haramta. A binciki duk cinikin da aka yi a kan gidan cikin shekara 3 da suka wuce. A nan ake kama masu juya gida tsakaninsu don ɗaga farashi. Fayil ɗin aiki kuwa a ajiye shi aƙalla shekara 5, kuma a sauke kwafin saƙonni, don ranar da kamfani ya rufe asusun mutum ba zai sake ganinsu ba.

Raunin da ya fi ciwo shi ne ba sai an kori mutum ba, aiki kawai zai daina zuwa, kuma tabbatar da dalili na da wuya. Layin koke na ƙasa da hukumar ASC, mai sa ido kan harkar ƙimantawa a matakin tarayya, ta buɗe a 2013 ba ya bincike, nuna wa mai koke hukumar da zai je kawai yake yi. Wanda ya dogara da AMC ɗaya ya ba shi wuƙa da nama. Gara a haɗa da aikin ƙimanta gida don rabon gado, saki da haraji. Sa hannun da ke kan rahoto na mai ƙimantawa ne, kuma kumbura ƙima da gangan don banki ya ba da bashi laifin tarayya ne da ke iya kai mutum shekara 30 a kurkuku.