Buhun PICS, jarka ko durum: a ina ya kamata ka ajiye wakenka bana?

Da kaka wake yana arha, domin kowa ya kawo nasa kasuwa lokaci guda. Da bazara ta tsaya ko damina ta faɗi, sai farashi ya ɗaga, amma a lokacin ƙaramin manomi ya daɗe da rabuwa da nasa, ribar kuma ta faɗa aljihun mai sito a Dawanau. Ba buƙatar kuɗi kaɗai ke sa manomi gaggawar sayarwa ba, har da tsoron ƙwaro. Ƙwaron wake tun daga gona yake saka ƙwai, tsutsarsa ta girma cikin ƙwayar, cikin 'yan watanni buhu ya koma gari da ɓawo. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye da ita, don haka zaɓin ma'ajiya ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu.

Bari mu fara kawar da abin da bai kamata a saya ba. Fiya-fiya da Sniper, wato masu sinadarin dichlorvos, guba ne, ba a yi su don a yayyafa wa abinci ba. Saboda ragowar wannan sinadarin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Turawa sun ƙi, mu kuwa 'ya'yanmu ne ke cin alala da ƙosan da aka yi da shi. Ƙwayar Phostoxin, wadda manoma ke kira bam, iska mai kisa take fitarwa. Aikin ƙwararru ce a rufaffen sito, ba a ɗakin da ake kwana ba, kuma da iskar ta baje sabon ƙwaro na iya shiga.

Sauran hanyoyin uku, wato buhun PICS, jarka da durum, duk dabara ɗaya suke bi: a hana iska shiga. Ƙwarin da ke ciki su shaƙe ɗan abin da ya rage, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu.

Buhun PICS shi ne na fi ba mai buhu biyu zuwa ashirin shawarar ya saya. Masu binciken Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka faro dabarar tare da takwarorinsu a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980, aka fara yaɗa ta sosai a ƙauyukan Afirka ta Yamma daga 2007. A Kano kamfanin Lela Agro na yin sa. Hawa uku ne: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kuma akwai na kilo 50 da na kilo 100. Ya fi buhun da aka saba tsada, amma idan an kula da shi yana kai kaka uku, ba kuma a sayen magani. Waken yana fitowa da haskensa, ya yi iri, ya yi abinci nan take.

Wajen saye ne ake cutar mutane. Kada ka karɓa a naɗe. Ware ledojin, ka ɗaga kowace zuwa hasken rana, sannan ka cika ta da iska, ka riƙe bakin ka danna. In ta sace, akwai huda. Duba ɗinkin gindi da kyau, don nan ne jabu ke fara yagewa. Leda mai laushi irin ta 'yan tireda ba za ta yi aikin ba ko da an rubuta suna a jikin buhun. Wajen ɗauri kuma, kowane hawa daban ake matse iskarsa, a murɗe, a lanƙwasa, a ɗaure. Raunin buhun shi ne ɓera da duk wani abu mai tsini, saboda haka a ɗora shi kan katako, nesa da bango, kuma a sheƙe waken sosai kada guntun kara ya huda ledar daga ciki.

Jarka ta fi dacewa da iri da kuma ajiyar matan gida. Mai lita 25 tana cin kusan kilo 20, ana buɗe ɗaya a ci a bar sauran a rufe, ɓera kuma ba ya samunta da sauƙi. Nemi wadda man girki ya zauna ciki, a wanke ta, ta bushe ƙayau. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur, kananzir ko maganin feshi, ko kyauta ce kada a karɓa. A cika ta har wuya, a girgiza, a ƙara, a sa leda ƙarƙashin murfi.

Durum na ƙarfe mai lita 200 yana ɗaukar wajen kilo 150, kuma yakan yi shekaru. Inda ɓera ya yi yawa, babu kamarsa. Matsalarsa tsada da nauyi, sannan dole a cika shi fal, domin rabin durum rabin iska ne, ƙwaro zai daɗe yana ci kafin ya mutu. Murfi ba tare da robarsa ba asarar kuɗi ne. A inuwa ake ajiye shi, don a rana yakan yi gumi daga ciki, wake ya yi fumfuna.

Tokar iyayenmu har yanzu tana aiki, amma sai an haɗa mudun toka tankaɗaɗɗiya da mudun wake, kai da kai. Ga 'yan mudu tana da kyau, ga buhu goma wahala ce.

Ko wanne ka zaɓa, ɗanyen wake zai lalace a ciki. Zuba busasshen gishiri da ɗan wake cikin busasshiyar kwalba, ka rufe ka girgiza, ka bar ta ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, mayar da waken shanya kafin ka zuba shi a ma'ajiya.